Nawa Ne Zai Isa Mutum Ya Sauka Daga Hanya?

Duk wanda ya yi shekara ashirin yana bin hanyar Bolga zuwa Bawku, ko yana kwana a kan buhunan albasa daga Zebilla zuwa Kumasi, akwai ranar da bayansa zai fara yi masa magana. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa wajen hawa mota, ido ya daina jure fitilar dare, ga uwargida tana ta kira duk lokacin da aka ji an tare hanya a wajen Walewale. A irin wannan lokacin ne tambayar take fitowa, a majalisa bayan la'asar ko a ɗaki bayan yara sun yi barci: nawa zan tara in ce na huta?

Fatake ba su cika cewa ritaya ba, wannan kalmar ma'aikatan gwamnati ce. Mu dai cewa muke yi wane ya sauka daga hanya, ko wane ya zauna. Kuma yawancinmu ba ma zama sai ciwo ya zaunar da mu, ko karayar jari. Amma yanzu akwai 'yan shekara arba'in da ɗoriya da ba sa son su jira wannan ranar. Sun ga yadda iyayensu suka ƙare, suna kuma ganin bidiyoyi a waya na wasu mutane a Amurka da suka bar aiki tun gashinsu bai yi fari ba. To bari mu ɗauki tambayar da gaske, mu zauna mu yi lissafi.

Lissafin Amurka a kasuwar Zebilla

Abin da masu bidiyon nan suke maimaitawa yana da asali. A 1994 wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun bashin gwamnatin ƙasarsu, ya ga cewa mutumin da yake cirar kashi 4 cikin 100 na dukiyarsa a shekarar farko, yana ƙara abin da yake cira gwargwadon tashin farashi, kuɗinsa za su kai shi aƙalla shekara 30. Daga nan aka samo ƙa'idar da ake yayatawa: ka lissafa abin da gidanka yake ci a shekara, ka ninka sau 25. Abin da ya fito, shi ne kuɗin hutunka.

Mu gwada. Mu ɗauka, a misali kawai, gida ne mai mutum takwas a zangon Zebilla, gidan kansu ne ba haya ba. Cefane, hatsi, gawayi ko gas, wuta da ruwa, kuɗin tara na yara, katin waya, man babur, a ce sidi 4,000 a wata, wato 48,000 a shekara. Sai abubuwan da ba sa zuwa kowane wata amma ba sa fashi: ɗinkin Sallah, ragon layya, kayan makaranta, gudummawar biki da suna da gaisuwar rasuwa, gyaran kwanon da iskar farkon damina ta yaye, magani, da ɗan abin da ake aika wa tsofaffi a gida. A ce 22,000. Jimilla 70,000. In ka ninka sau 25, ka samu sidi miliyan 1 da dubu 750.

Wani zai ji adadin ya yi dariya ya ce ashe sai a lahira za a huta. Wani kuma, mai tireloli ko mai shanu, zai ce ai na kusa. Dukansu biyun su dakata, domin adadin ba shi da ƙafafun da zai tsaya da su a ƙasar nan.

Ka duba abin da ya faru kwanan nan. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Gana sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disambar 2022, kashi 23.2 a Disambar 2023, sannan kashi 23.8 a Disambar 2024. In ka ɗora su a kan juna, kayan da ka saya sidi 100 a ƙarshen 2021 sun koma kusan sidi 235 a ƙarshen 2024. Gidan nan namu mai cin 70,000 ya koma cin kusan 164,000, ba tare da an ƙara ko cokali ɗaya a tukunya ba. Kuɗin da aka ce na shekara 25 ne, ko ba a taɓa ko pesuwa a ciki ba, sun koma na shekara goma da 'yan watanni. Shekara uku kacal ta yi wannan ɓarnar.

Za ka ce ai Bengen bai ce a binne kuɗin a ƙarƙashin katifa ba. Haka ne. Amma a ina za ka sa su? Takardar bashin gwamnati ta kwana 91 ta kai wajen kashi 35 cikin 100 a ƙarshen 2022, kuma ko a lokacin tana bayan farashin kaya da nisa. Zuwa rabin ƙarshe na 2025 ta sauko wajen kashi 10 zuwa 11. Wanda ya ajiye sana'arsa yana dogaro da ribar farko, abin da yake samu ya koma ƙasa da sulusi. Wannan ma ga wanda ya yarda da kuɗin ruwa ke nan, kuma da yawa cikinmu ba sa taɓa su.

Sannan akwai abin da lissafin Amurka bai san da shi ba sam: zakka. Kuɗin da suka kai nisabi suka shekara, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. A kan miliyan 1 da dubu 750, zakkar shekara ita ce 43,750, fiye da rabin abin da gidan yake ci. Ke nan ba kashi 4 ne yake fita daga dukiyarka ba, 6 da rabi ne. Kuɗin da suke kwance, ko ba ɓarawo ko ba gobara, raguwa suke yi.

Kuɗi a kwance sun sha mutuwa a ƙasar nan

Tsofaffin zango ba sa buƙatar a karanta musu wannan, a kansu aka yi. A watan Maris na 1979 gwamnatin Janar Akuffo ta canza takardun kuɗi, aka rufe iyakoki, wanda ya kai sidi goma aka ba shi bakwai, abin da ya haura 5,000 kuwa rabi aka mayar wa mutum. A 1982 gwamnatin Rawlings ta janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. A Yulin 2007 aka yanke sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, kuma a lokacin sabon sidin ya ɗan fi dalar Amurka daraja. Zuwa ƙarshen 2024 sai da ka ba da wajen sidi 15 ko 16 kafin ka karɓi dala ɗaya.

Waɗanda suka ce to bari mu kai inda za su haihu, su ma sun ga nasu. Rushewar DKM a 2015 zuwa 2016 ta taɓa mutane har a Bolga da Wa. Menzgold ya tsaya a Satumbar 2018 da kuɗin dubban mutane a ciki. Babban Bankin Gana ya rufe UT Bank da Capital Bank a Agustan 2017, ya haɗe bankuna biyar a Agustan 2018, ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a Mayun 2019, sannan wasu kamfanonin ajiya da rance 23 a Agustan shekarar. An biya mutane da yawa daga baya, amma wasu sai da suka yi shekaru suna jira, kuma kuɗin da aka ba ka bayan shekara uku ba su ne kuɗin da ka ajiye ba. Hukumar kare ajiyar masu hulɗa da bankuna da ta fara aiki a 2019 ta fara ne da iyakar sidi 6,250 ga mai ajiya a banki, da 1,250 ga mai ajiya a ƙananan cibiyoyi irin su bankunan karkara. Ka auna wannan da miliyan ɗaya.

Wanda ya fi ciwo shi ne na Disambar 2022, lokacin da gwamnati da kanta ta ce ba za ta iya biyan takardun bashinta na dogon zango yadda aka yi alkawari ba, ta kawo shirin musanya su da sababbi masu ƙarancin riba da nisan wa'adi. A Fabrairun 2023 aka ga tsofaffi 'yan fansho suna zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Akra, har da tsohuwar Alƙalin Alƙalan ƙasar, Sophia Akuffo. Mutane ne masu ilimi, da suka bi duk ƙa'idar da ake cewa a bi.

Dala fa? Ita ma ta nuna halinta. Tsakanin Afrilu da Yunin 2025 ta faɗo daga wajen sidi 15 da rabi zuwa kusan 10 da ɗan kai. Wanda ya juya jarinsa gaba ɗaya zuwa dala a farkon shekarar, kusan sulusi ya tafi cikin wata biyu in aka auna da sidi.

Yadda mutanen Gwanja suke sauka

Kakanninmu da suke bin ayari daga Kano da Katsina, su ratsa Borgu da Sansanne Mango da Yendi su sauka Salaga sayen goro, su ma ƙafarsu takan gaji. Tafiya ce ta watanni, da jakuna, da 'yan fashi, da kuɗin fito a kowane gulbi. Amma bafataken da ya tsufa ba buhun wuri yake tarawa ya zauna yana ci ba. Gida yake ginawa a zango mai ɗakuna da yawa, ya zama mai masauki. Baƙi su sauka wajensa, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu a bashi saboda an san shi, ya karɓi la'adarsa. 'Ya'yansa da yaransa su ci gaba da bin hanya da jarinsa. Ya bar tafiya, amma bai bar kasuwa ba, kuma abincinsa yana tashi tare da farashin goro.

A ganina wannan ita ce amsar da ta fi dacewa da mu har gobe. Tambayar ba nawa ka tara ba ce. Tambayar ita ce, cikin abin da gidanka yake ci a shekara, nawa ne yake shigowa ko ba ka hau mota ba?

Sai dai labarin Salaga yana da wutsiya. A 1892 yaƙin sarauta ya tashi a garin, fatake suka watse zuwa Kete Krachi da Yendi da Kintampo da sauran wurare, gidajen masauki suka koma kango. Wanda duk tsufansa yake rataye a kan gida ɗaya a gari ɗaya, ya tashi da hannu biyu. Haka aka sake gani a Nuwambar 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Kuma ba sai mun je da nisa ba. Tun da rikicin Bawku ya sake tashi a ƙarshen 2021, da dokar hana fita da hana hawa babur, 'yan kasuwa da ma'aikata da dama sun bar garin. Mai gidan haya a can bai yi laifin komai ba, amma ɗakin da ba kowa a ciki ba ya sayen masara.

To, mu sake lissafin

Mu koma kan gidan nan mai cin 70,000, amma yanzu mu yanka adadin gunduwa-gunduwa, kowace mu nemo mata inda za ta fito. Alƙaluman duk misali ne, kai ka sa naka.

Hatsi tukuna, domin shi ne abin da hauhawar farashi ta fi cizo a kai. In kana da gonar da take ba ka masara da gero da wake na shekara, bayan ka cire taki da kuɗin ƙwadago, a ce ta ɗauke maka 18,000. Buhun da yake rumbunka bai damu da abin da dala ta yi ba. Amma a nan yankin ƙasa tana hannun iyalai da masu kula da ita na gargajiya, aron gona ba mallaka ba ne, kuma kundin tsarin mulkin 1992 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙi fili fiye da hayar shekara 50 a lokaci guda ba. In gonar tana bakin Farin Volta ce, wajen Kobore ko Sapeliga, ka sa a ranka cewa kusan kowace shekara, wajen Agusta ko Satumba, ana sakin ruwan madatsar Bagre daga Burkina Faso. Albasar rani a can tana da albarka, masarar damina kuwa caca ce.

Ɗakunan haya: takwas a kan sidi 150 a wata, 14,400 ke nan a takarda. Cire watannin da ɗaki yake zama ba kowa, cire yashe masai da gyaran rufi, cire ɗan uwan da ya sauka "na kwana biyu" yau shekara uku. Ka rubuta 11,000. Alherin gidan haya shi ne ba a fitar da zakka a kan ginin kansa, sai a kan kuɗin hayar in sun taru sun shekara. Filla-fillar wannan ka zauna da malaminka.

Dabbobi: tumaki da awaki da 'yan shanu a hannun makiyayi, a ce 8,000 a shekara ba tare da garken ya ragu ba. Su ma suna da ranarsu. A Yunin 2023 ciwon saifa ya ɓulla a Binduri da Bawku ta Yamma da maƙwabtansu, hukuma ta hana zirga-zirga da sayarwa da yankan dabbobi a jihar, ana dab da Babbar Sallah, daidai lokacin da mai rago yake jiran ribar shekara.

Sai babban: jarin da za ka bar wa ɗanka ko yaronka ya ci gaba da juyawa a raba riba. A ce 200,000 ne, ya kawo ribar 60,000, rabonka 30,000. Kada ka rubuta 30,000. In farashi ya tashi, jarin da yake cika mota bara ba zai cika ta bana ba, dole wani abu ya koma ciki. Rubuta 20,000. Kuma a nan ne gidaje da yawa suke rushewa, ba don yaron ɓarawo ne ba, sai don ba a rubuta komai ba. Alhaji ya aiko a ba shi dubu biyu na biki, gobe dubu uku na asibiti, ba wanda ya san ko daga riba ne ko daga uwar kuɗi, sai ranar da aka je sari kuɗi suka kasa. A yi yarjejeniya a gaban shaidu, a sa ranar lissafi, ko da ɗan cikinka ne. In ma ɗan cikinka ne an fi buƙata, saboda 'yan uwansa suna kallo, kuma ranar rabon gado tana tafe.

Tara su: 18,000 da 11,000 da 8,000 da 20,000, ya zama 57,000. Saura 13,000. Wannan giɓin shi ne ainihin amsar tambayarka. Mutumin nan bai isa ya naɗe hannu ba, amma ya isa ya bar kwana a mota: dillanci a ranar kasuwa, ko ƙaramin shago a ƙofar gida, zai cike masa. Bayan wannan yana buƙatar abin da zai riƙe gidan shekara guda ko fiye in biyu cikin hanyoyin nan suka toshe lokaci ɗaya, a rarrabe, wani a banki, wani a hatsi, wani a abin da za a iya sayarwa cikin mako. Hajji in bai yi ba, lissafinsa daban: kujera ta kai sidi 75,000 a 2024, ta sauko 62,000 a 2025. Auren 'ya'ya mata ma haka.

Akwai ƙafa ta biyar da 'yan kasuwa suke rainawa, wato fanshon SSNIT. Tun Mayun 2023 hukumar take neman masu sana'ar kansu su shiga. Kai ne za ka faɗi abin da kake samu a wata, ka riƙa biyan kashi 13.5 cikin 100. In ka ce 2,000 ne, 270 ke nan a wata, ana iya biya ta waya. Wanda ya cika wata 180, wato shekara 15, yana da kashi 37.5 cikin 100 na matsakaicin shekarunsa uku mafi tsoka, kuma kowace shekarar da ya ƙara tana ƙara masa, har zuwa kashi 60. Cikakken fansho sai an kai shekara 60. Ana iya fara karɓa a 55, amma a rage: mai shekara 15 a kan 2,000 da zai samu 750 a wata, in ya karɓa a 55 wajen 450 zai samu. Ba yawa, wallahi. Amma yana zuwa kowane wata har ƙarshen rai, ana yi masa ƙari a farkon shekara, ba ruwansa da ambaliya ko dokar hana fita, kuma ɗan fanshon SSNIT ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta NHIS. Abin lura shi ne ba a karɓar sabon shiga da ya wuce shekara 45. Wanda yake 43 yau yana cewa sai kasuwa ta gyaru, ƙofa tana rufuwa.

Shekarun auta, da maganar Hajiya

Ma'aikacin Amurka yana lissafi da shekarunsa ne. Kai da shekarun autanka za ka yi. Mai shekara 50 da autansa yake da uku, yana da aƙalla shekara ashirin na ɗawainiya a gabansa. Sakandare kyauta ce tun Satumbar 2017, amma akwati da katifa da guzuri da kuɗin mota ba kyauta ba ne, jami'a kuwa sai wanda ya kai ɗa ya sani. In akwai amarya mai ƙuruciya, lissafin ya wuce tsawon ranka ma, domin tumunin da matan aure suke rabawa a gado ba ya riƙe mace shekara talatin.

Ke kuma Hajiya, mai koko da ƙosai, mai wake da shinkafa, mai sarin atamfa daga Lome ko Kumasi, tambayar nan taki ce fiye da ta Alhaji. Hayaƙin murhu na shekara talatin yana biyan kansa a ido da ƙirji. Adashi yana da kyau wajen tara kuɗin abu guda, amma ba fansho ba ne: ranar da kika daina zubi, ranar ya daina saninki. Kwasar da ta zo, wani kaso ya tafi ga abin da yake da sunanki a takarda, ɗaki ko fili ko tumaki, ba duka a kayan ɗakin 'ya'ya ba. SSNIT ɗin nan ma ba na maza kaɗai ba ne.

Sai maganar inda za a zauna. Da yawa suna cewa in sun sauka gida za su koma, Sakkwato ko Tawa ko Maraɗi. Wanda zai ci a naira ya tuna cewa daga Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a 2024. Sefa tana ɗaure da yuro, ta fi natsuwa, amma a Janairun 1994 an wayi gari an raba darajarta biyu. Kuma gidan haya a Zebilla da mai shi yake Maraɗi, sai abin da mai karɓar haya ya ga damar faɗa. In can za ka tsufa, wani ɓangare na abin da zai ciyar da kai ya kasance a can tun yanzu, ka kuma tambayi 'ya'yan da aka haifa a nan ko za su bi ka.

Kafin ka sayar da mota ko ka sallami abokan cinikinka na Kumasi, ka yi gwajin shekara guda. Yaro ya yi tafiye-tafiyen, kai ka zauna, gidan ya ci daga abin da ya shigo da kansa kawai, a rubuta kowace fita a littafi, har kuɗin goron baƙi. Ka fara bayan girbi, don gwajin ya ratsa azumi da Sallah biyu da buɗe makarantu, ya kuma ratsa Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu yake ƙasa, hatsi yake tsada, zazzaɓin sauro yake kwantar da yara. In ka fita daga Agusta ba ka aika wa yaron ya taɓo maka uwar kuɗi ba, sai ka kira Hajiya da manyan 'ya'ya ku buɗe littafin tare ku sa rana.